Finbol a Zariya: Tsohon Gem, Manhaja, Akwatin Allo ko Injin Gaske?

Yawancin waɗanda suka fara taɓa kwamfuta a kafe-kafen Samaru da Kongo a zamanin Windows XP sun san finbol ko da ba su riƙe sunansa ba. Shi ne wasan nan mai ƙwallo ɗaya da ke gangarowa a kan tebur, kana tare ta da fukafukai biyu a ƙasa don kada ta faɗa rami. Wanda ke cikin Windows sunansa Space Cadet, an ciro shi ne daga Full Tilt! Pinball da kamfanin Maxis ya fitar a 1995, kuma Microsoft ya daina saka shi tun daga Windows Vista. Yanzu waɗancan yaran sun zama magidanta. Wani yana so ya nuna wa 'ya'yansa, wani yana da gidan gem a Sabon Gari yana neman abin da maƙwabcinsa ba shi da shi, wani kuma ya ga bidiyon injin Godzilla ko na Star Wars a YouTube ya kasa cire shi a ransa. Hanyoyin da ke gabansu huɗu ne, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ta tashi daga kyauta har zuwa kuɗin mota.

Ma'aunan da ya kamata ka riƙe

Na farko kuɗi, kuma ba na saye kaɗai ba, har da na kawowa da na riƙewa. Na biyu ƙarko a yanayinmu: ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zafin Maris da Afrilu, laimar damina, da wutar da ke zuwa da ƙarfi yau ta zo a raunane gobe. Na uku sauƙi, wato yaya za ka same shi, ka kunna shi, kuma wa zai gyara idan ya tsaya. Na huɗu kasada, abin da zai iya cinye kuɗinka gaba ɗaya. Na biyar daɗin wasan kansa.

Sunan fim ko na gem da aka liƙa a jikin tebur ban sa shi cikin ma'auni ba, da gangan. Shi ke jawo mutum ranar farko, amma abin da ke dawo da shi rana ta ashirin shi ne tsarin tebur: inda aka ajiye hanyoyin ƙwallo, yadda ake tara maki, da yadda ake buɗe wasa mai ƙwallaye da yawa. The Addams Family na kamfanin Bally, wanda Pat Lawlor ya tsara a 1992, an sayar da guda 20,270, adadin da wani injin finbol mai fukafukai bai kai ba, kuma har yau ana buga shi har da waɗanda ba su taɓa kallon fim ɗin ba. A zaɓi tebur don tsarinsa, sunan ya biyo baya.

Zaɓi na ɗaya: tsofaffin gem na Nintendo da Sega

Nan ne mafi arha. Nintendo ya fitar da Pinball a 1984, mai ɗan fagen kyauta da Mario ke tare ƙwallo. Kirby's Pinball Land ya zo a Game Boy a 1993, a shekarar da Sega ya fitar da Sonic Spinball, inda Sonic da kansa shi ne ƙwallon kuma kana iya ɗan juya shi a sama. Pokémon Pinball na Game Boy Color ya fito a 1999 da tebur biyu, ja da shuɗi, kaset ɗinsa yana ɗaukar batir ƙarami don ya riƙa girgiza a hannu. Na biyunsa, Ruby & Sapphire, ya fito a Game Boy Advance a 2003, sai Metroid Prime Pinball a Nintendo DS a 2005.

A ganina Pokémon Pinball na 2003 ya fi su duka, musamman ga yaro. Dalili shi ne yana ba ka abin tarawa bayan maki: kowane bugu mai kyau yana kusantar da kai ga kama wata halitta, kuma abin da ka kama yana nan ko ƙwallo ta faɗa. Sonic Spinball kuwa yana da wuya, motsin ƙwallonsa yana da nauyi, kuma rabinsa gem ɗin tsalle ne. Wanda ke neman finbol na asali ba zai gamsu da shi ba.

Wajen ƙarko, na'urorin Game Boy suna da taurin rai kuma ba ruwansu da wutar gari. Matsalarsu biyu ce. Kaset-kaset na jabu sun cika kasuwa, sannan na asalin da ke ajiye ci gaban wasa da ƙaramin batir a ciki sukan manta komai idan batir ɗin ya mutu, sai an buɗe an canza da dalma. Mafi yawan mutane a nan ta manhajar kwaikwayo suke bugawa a waya. Gaskiya biyu game da hakan: sauke gem ɗin da ba ka saya ba keta haƙƙin mai shi ne, kuma shafukan da ke raba su su ne matattarar manhajoji masu cutar da waya. Wayar da kake hulɗar banki da ita ba wurin gwaji ba ce.

Zaɓi na biyu: manhajojin zamani a kwamfuta, PlayStation ko waya

Kamfanin Zen Studios na ƙasar Hungari shi ke riƙe da wannan fage. Pinball FX3 ya fito a 2017, sabon Pinball FX kuma a 2023, ana samunsa a kwamfuta, PS4, PS5, Xbox da Switch. Sauke shi kyauta ne, tebura ake saya ɗaya-ɗaya ko a dunƙule, galibi tsakanin dala 5 zuwa 15. Tebura iri biyu ne a ciki. Akwai waɗanda Zen ya ƙirƙira da sunan Star Wars, Marvel da Jurassic Park, masu hotuna da ke tsalle a kan fili ta yadda injin gaske ba zai iya ba. Akwai kuma kwafin injinan Williams da Bally na shekarun 1990, tun da Zen ya karɓi lasisinsu a 2018: The Addams Family, Twilight Zone, Star Trek, da World Cup Soccer.

Na ƙarshen nan ya cancanci a tsaya a kansa. Bally ya yi shi ne don gasar kofin duniya ta 1994 a Amurka, gasar da Najeriya ta fara zuwa, inda Rashidi Yekini ya ci mana ƙwallon farko a ragar Bulgeriya. A kan tebur ɗin akwai raga da mai tsaron gida da ke kai-komo, kana neman ka wuce shi da ƙwallon ƙarfe. Ko wanda bai taɓa buga finbol ba yana gane abin da ake so ya yi nan take, shi ya sa nake ba da shawarar a fara da shi a gidan da ake son ƙwallo.

Wanda ke da PS4 a gida ya riga ya biya mafi yawan kuɗin. A kwamfuta kuwa, sabon Pinball FX yana son katin hoto mai ɗan ƙarfi, laftof ɗin ofis na hannu zai riƙa sarƙewa da shi, don haka FX3 ya fi dacewa da tsohuwar na'ura. Za ka buƙaci data mai yawa sau ɗaya wajen saukewa, da katin banki da ke iya biya da dala.

Kasadar nan ita ce lasisi. Manhajar The Pinball Arcade ta kamfanin FarSight ta rasa izinin sayar da teburan Williams da Bally a ƙarshen Yunin 2018. Waɗanda suka riga suka saya sun ci gaba da bugawa, waɗanda suka yi jinkiri kuma ƙofa ta rufe. Haka nan teburan da ka saya a FX3 ba sa bin ka kai tsaye zuwa sabon Pinball FX. Ka zaɓi manhaja ɗaya da na'ura ɗaya ka tsaya a kansu. A waya ma akwai finbol na Zen, sai dai ɗan yatsa a kan gilashi ba ya ba ka daidaiton da maɓalli ke bayarwa, kuma a wannan wasa jinkirin ƙiftawar ido ya isa ƙwallo ta wuce.

Zaɓi na uku: akwatin allo

Wannan akwati ne mai siffar injin finbol, ƙafafu huɗu da maɓallai a gefe, amma filin wasansa allon talabijin ne a kwance. Ana sayar da haɗaɗɗu: Arcade1Up yana da na Star Wars da na Marvel, ƙanana da ba su kai girman injin gaske ba, masu allon inci 24, sannan AtGames yana da Legends Pinball mai allon inci 32. Farashinsu a Amurka ɗaruruwan daloli ne, manyan samfura kuma sun haura dubu. Ban cika son su ga mutumin Zariya ba. Kuɗin jigila na iya kusan kai kuɗin kayan, jikinsu na matsattsen katako ne da ba ya son laima, kuma idan allon lantarkinsu ya ƙone ba za ka samu madadinsa a PZ ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne a haɗa a gida. Kayan da ake buƙata duk sanannu ne: talabijin mai inci 32 zuwa 43 don fili, ƙaramin allo a tsaye don maki, kwamfutar tebur mai katin hoto, maɓallan gem da ƙaramin allon da ke haɗa su da kwamfuta ta USB, sai filawud mai kauri. Kafintan da ke yin teburin sinuka zai iya yin akwatin idan ka ba shi awo, mai walda ya yi ƙafafu. Manhajar Visual Pinball kyauta ce, tana nan tun shekarar 2000, kuma masu sha'awa sun zana ɗaruruwan tebura a kanta. Pinball FX ma yana da tsarin juya hoto don irin wannan akwati.

Abubuwa uku ke lalata irin wannan aiki. Na farko talabijin mai jinkiri: kafin ka biya, ka haɗa ta da kwamfuta a shagon, ka kunna yanayin gem a saitinta, ka danna maɓalli ka ga ko fiffike na tashi tare da yatsanka. Na biyu zafi, domin an ƙera talabijin ne ta tsaya iska na fita ta samanta, idan aka kwantar da ita a rufaffen akwati a watan Afrilu za ta dahu. A huda ramuka a saka fankokin kwamfuta biyu ko uku, a rufe bakin ramukan da raga mai tace ƙura. Na uku saita manhaja, wanda ke cin lokaci da haƙuri. Ɗalibin injiniya ko na kimiyyar kwamfuta a ABU ko Nuhu Bamalli zai iya, amma wanda bai saba da shiga manyan fayilolin Windows ba zai gaji. Ladan wahalar shi ne duk abin da ya lalace ana samunsa a Zariya ko Kaduna, in ya yi nisa Kano.

Zaɓi na huɗu: injin gaske

Babu allon da ya kai shi, wannan ba abin musu ba ne. Ƙwallon ƙarfe ce mai faɗin milimita 27 tana gudu a kan katako mai gangaren kusan digiri 6.5, koyil-koyil, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke harba fukafukai, na bugawa har ka ji a tafin hannu, kuma kana iya zungurar akwatin kaɗan don karkatar da ƙwallo, idan ka wuce gona da iri ya rubuta Tilt ya kashe maka fukafukai. Bugu biyu ba sa taɓa zama ɗaya.

Iri biyu ne a kasuwa. Tsofaffin Williams, Bally, Gottlieb da Data East na shekarun 1990, irin su Terminator 2 na 1991, Super Mario Bros. na Gottlieb na 1992 da Jurassic Park na Data East na 1993. Williams ya rufe sashensa na finbol a 1999, don haka duk wanda ka gani na hannu ne mai shekara fiye da 25. Sai sababbi, waɗanda Stern Pinball da ke kusa da Chicago ya fi kowa ƙerawa: Jurassic Park na 2019, Godzilla na 2021 wanda Keith Elwin ya tsara, James Bond na 2022, Jaws na 2024. Stern kan fitar da kowane tebur a matakai uku, kuma farashin 2024 ya kasance dala 6,999 ga Pro, 9,699 ga Premium, 12,999 ga Limited Edition. Idan aka ɗauki canjin naira 1,500 kan dala a matsayin misali, mafi arhar ya kusa naira miliyan 10.5 tun yana Amurka. Kada ka zaci tsoho ya fi sauƙi: shahararru irin The Addams Family sukan kai kuɗin sabo ko su wuce.

Daga nan sai kawowa. Nauyinsa ya haura kilo 100, tsawonsa a tsaye ya kusa mita 2, ga gilashi shimfiɗe a kansa. Jirgin ruwa zuwa Legas, kuɗin kwastam da na ejan, sannan mota ta ɗauko shi har Kwangila. Kowane rami a hanya yana sassauta wata waya a cikinsa.

Batun wuta shi ne inda mutane suka fi faɗawa. Amurka na amfani da bolt 120 da zagaye 60 (yawan juyawar wuta a daƙiƙa ɗaya), mu kuma bolt 230 da zagaye 50. Tsofaffin Williams da Bally ana iya sauya haɗin taransifomarsu su karɓi wutarmu. Injinan Stern da aka yi don kasuwar Amurka kuwa suna gane wuta mai zagaye 50 su ƙi aiki, kuma ƙaramar taransifomar rage wuta ba ta magance wannan, domin bolt take canzawa ba zagaye ba. Ka nemi wanda aka haɗa don kasuwar Turai, ka sa mai sayarwa ya tabbatar maka a rubuce. Bayan haka kada ka jona shi kai tsaye a bango ko a ƙaramin janareto. Inbata mai tsaftatacciyar wuta da abin kariya daga tsawa wajibi ne.

Riƙe shi kamar riƙon doki ne a Birni: sayen ba shi ne wahalar ba, harawa da dusa na kullum su ne. Robobin da ke kewaye da turaku suna bushewa su tsage, zafi na gaggauta hakan. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a fili, ƙwallo na murza ta a kan zanen har ya goge, shi ya sa ake share fili a shafa masa kaki na musamman, a canza ƙwallo da zarar ta yi tsatsa ko zane. Makunnai suna datti, koyil na ƙonewa, fis na tsinkewa. Tsofaffin injina suna da batir uku a kan babban allon lantarkinsu, idan aka manta da su suka yi yoyo sai su cinye layukan allon. Kafin ka sayi na hannu, hoton wannan wurin shi ne abu na farko da za ka nema. Kayan gyara daga Amurka ko Turai ake odar su. Ƙwararren mai gyaran talabijin da ya iya karanta zanen waya zai iya koyon aikin, tunda littattafan gyaran suna intanet, amma ka same shi ka yi magana da shi kafin ka tura kuɗi, ba bayan injin ya tsaya ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko a Zariya | Sauƙi | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|
| Tsohon gem | Kaɗan ƙwarai | Mai kyau, batir ya ishe shi | Mai sauƙi | Kaset na jabu, manhaja mai cuta |
| Pinball FX | Dala 5 zuwa 15 kan tebur ko dunƙule | Daidai da na'urarka | Mai sauƙi | Ƙarewar lasisi |
| Akwatin da aka shigo da shi | Ɗaruruwan daloli da jigila | Matsakaici | Matsakaici | Rashin kayan gyara |
| Akwatin haɗin gida | Kuɗin talabijin, kwamfuta da katako | Mai kyau idan akwai fanka | Yana cin lokaci | Allo mai jinkiri, zafi |
| Injin gaske | Daga dala 6,999 sabo (farashin 2024) | Sai da kulawa kullum | Mai wuya | Wuta, hanya, rashin mai gyara |

Tambayar caca da ta tarbiyya

Iyaye za su tambaya, kuma suna da hujja. Finbol na farko-farko ba shi da fukafukai, sa'a ce kawai, har ana biyan kuɗi ga wanda ya ci, shi ya sa birnin New York ya haramta shi daga 1942. Gottlieb ya kawo fukafukai a 1947 da injin Humpty Dumpty, kuma a 1976 wani gwanin wasan mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna cewa gwaninta ce ke aiki, aka ɗage haramcin. Injin yau ba ya biyan kowa kuɗi, iyakarsa ƙarin ƙwallo ko wasan kyauta. Amma samari na iya ɗaura fare a kansa kamar yadda wasu ke yi a sinuka da FIFA, kuma hana wannan aikin mai wuri ne. Sannan ka duba zanen tebur da sautinsa kafin ka saya. Wasu tsofaffin injina suna ɗauke da hotunan mata da ba za ka so a falonka ba, wasu kuma na mawaƙan Turawa ne da kiɗa mai ƙarfi.

Wa ya dace da wanne

Uban da ke nema wa yara abin wasa ya fara da Pokémon Pinball ko Kirby, ko kuma teburan kyauta na Pinball FX idan akwai PS4 a gida. Ɗalibi mai laftof a Samaru, FX3 da tebura biyu ko uku na Williams sun ishe shi shekara. Wanda ke kewar Space Cadet kawai, masu sha'awa sun sake gina shi yana aiki a Windows na yanzu.

Mai son ya tsaya a gaban akwati yana danna maɓalli a gefe, kuma yana da hannun gyare-gyare, ya haɗa nasa. Wannan ne zaɓin da nake ganin ya fi dacewa da aljihu da yanayin garin nan.

Mai gidan gem ya yi lissafi da biro. Teburan Visual Pinball da na Pinball FX an ba da su ne don amfanin kai a gida, karɓar kuɗi a kansu ya saɓa wa sharuɗɗansu. Injin gaske ne aka ƙera don kasuwanci. Idan ka sa naira 200 kan wasa, injin miliyan 10.5 yana buƙatar wasa 52,500 kafin ya maido kuɗinsa. A wasa 50 kullum, kwana 1,050 ke nan, kusan shekara 3, ba a sa jigila, kwastam, mai da gyara ba. Ramin tsabarsa ma ba zai yi maka amfani ba tunda ba a kashe tsaba a kasuwa, sai dai ka saita shi a wasan kyauta yaron shago ya riƙa karɓa a hannu. Da wannan kuɗin PS5 da yawa za ka jera.

Injin gaske na mai otal ne ko wurin shaƙatawa a GRA da ke da sola da ɗaki mai sanyi a rufe, wanda ke son abin jan baƙi ba ribar wasan kanta ba, ko kuma mai hali da ke son abin don kansa. Irin wannan mutum ya ɗauki sabon Stern Pro na kasuwar Turai maimakon tsoho, domin kayan motsinsa ba su kai na Premium yawa ba, abin lalacewa ya ragu. Ya sa a haɗo masa robobi, ƙwallaye, fis da koyil na fiffike a cikin akwatin da za a turo injin.